Alisabatu Keckley, Baiwar Da Ta Fanshi Kanta Da Allura

A Washinton, babban birnin Amurka, akwai wani gidan ajiye kayan tarihi da a ke kira Smithsonian. Cikin kayan da aka adana a wurin akwai wata rigar mata ta karammiski mai launin shunayya, an bi gefunanta da farin siliki. Matar Shugaba Abraham Lincoln ce ta sa ta a lokacin sanyi na 1861 zuwa 1862. Masana sun ce aikin hannun Elizabeth Keckley ce, watau Alisabatu yadda mu ke kiran sunan. A zamaninta ba maɗinkiyar da manyan matan birnin su ke nema kamarta. Amma sai da ta yi shekara 37 tana baiwa, ba ta da iko ko da kan allurar da ke hannunta. Labarinta za mu bayar a wannan wata.

An haife ta cikin watan Fabrairu 1818 a gundumar Dinwiddie, jihar Birjiniya, a gidan wani mai bayi, Kanar Armistead Burwell. Sunan uwarta Agnes, baiwa ce, ita ke ɗinka tufafin mutanen gidan, ta kuma iya karatu, abin da ba kasafai a kan bar bawa ya koya ba. Mijin Agnes, George Hobbs, bawan wani mutum dabam ne, sau biyu kaɗai a shekara a kan ba shi izini ya zo ya ga iyalinsa, da Kirsimati da kuma Ista. Ana nan sai ubangijinsa ya yi ƙaura zuwa yamma ya tafi da shi. Suka yi ta aika wa juna wasiƙa shekara da shekaru, amma ba su sake ganin juna ba a duniya. Yarinyar ta tashi tana ce da shi baba. Sai a ƙarshen ran Agnes ta gaya mata gaskiya, cewa Kanar Burwell ne da kansa ya haife ta. Ashe 'ya'yan gidan da ta ke yi wa bauta 'yan'uwanta ne uba ɗaya.

Tana da shekara 4 aka ba ta renon jaririyar gidan. Ran nan tana jijjiga gadon jaririyar, ta yi da ƙarfi, jaririyar ta faɗo ƙasa. Don tsoro ta ɗauko shebur na kwashe toka tana ƙoƙarin maida ta ciki. Aka fitar da ita aka yi mata bulala, ta kuwa tuna da wannan bulala har tsufanta. A gidan nan ne ta ga an ɗora ɗan mai dafa abinci a kan ma'auni, aka sayar da shi bisa ga nauyinsa kamar buhun gyaɗa, aka ruɗi uwarsa cewa da safe zai komo. Wani kawunta kuma ya ɓad da igiyar garma, ya rataye kansa don gudun hukuncin da zai sha.

Yanzu mun zo inda ya fi mana nauyin rubutawa. Sa'ad da ta kai shekara 14 aka aike ta ta yi wa babban ɗan Kanar hidima, Robert Burwell, shi kuwa pasto ne na Ekklesiyar Firesbiteriyan. A 1835 suka koma garin Hillsborough a jihar Karolina ta Arewa, inda ya riƙe ekklesiya, matarsa kuma ta buɗe makarantar 'yan mata. Matar paston ta ga yarinyar nan tana da riƙe kai, ta ƙudura sai an karya ta. Ta sa wani malamin makaranta, William Bingham, wanda shi ma ɗan ekklesiyar ne, ya ɗaure ta ya tsala mata bulala har jini ya zuba. Alisabatu ta tambayi laifin da ta yi, ba wanda ya gaya mata. Ta yi kokawa da shi iyakar ƙarfinta, ta cije leɓe ta ƙi yin kuka. Ya sake, ya kuma sakewa, har ran da shi da kansa ya fashe da kuka, ya ce zunubi ne, ya roƙi gafararta. Sa'an nan paston ya karɓi aikin da hannunsa, har matarsa da ta ƙulla abin ta durƙusa tana roƙonsa ya bari. Shi ma daga baya ya yi alkawari ba zai ƙara ba, ya kuwa cika. Ba za mu rufa wa wannan asiri ba don mai yinsa mai wa'azi ne. Mutum ya hau bagade ran Lahadi ya karanta Littafi, ran Litinin ya doki ƙanwarsa da ya mallaka kamar akuya, lamirinsa bai hana shi barci ba, gama al'adar ƙasarsa ta gaya masa daidai ne.

A garin nan kuma wani Bature mai suna Alexander Kirkland ya yi ta tilasta mata har shekara 4. Ta haifi ɗa namiji, ta sa masa suna George, sunan mutumin da ta ɗauka ubanta ne. Shi ne kaɗai ɗan da ta haifa.

Bayan wannan aka maida ta Birjiniya, gidan Ann, 'yar Kanar, wadda ta auri wani lauya Hugh Garland. Abin hannun Garland ya yi ƙasa, a 1847 ya kwashe iyalinsa da bayinsa zuwa birnin Sen Luwis a jihar Misuri, a bakin kogin Misisipi. Can ma talauci ya bi su, har ya yi shawara ya ba da Agnes haya ta yi aiki a gidajen mutane. Alisabatu ta ƙi jin wannan. Ta ce a bar tsohuwa ta zauna, ita za ta nemo abin da gidan zai ci. Ta fita da allura da almakashi tana bin gidajen masu kuɗi. Ta ba da labari cewa har shekara 2 da wata 5 ɗinkinta ne ya ciyad da mutum 17, iyayengiji da bayi duka.

Ya kamata mu faɗi irin ɗinkin, don kada mai karatu ya zaci irin na buje da zane ne. Rigar manyan mata ta zamanin nan gida biyu ce. Ta sama tana kama jiki sosai daga kafaɗa zuwa ƙugu, da ƙananan ninki a baya waɗanda dole su kwanta daidai da ƙirar mai rigar. Ta ƙasa kuwa buɗaɗɗiya ce ƙwarai, tana cin yadi mai yawa. Ba a sayen irinta a kanti a ɗinke. Sai maɗinkiya ta auna mace, ta yanka, ta gwada mata a jiki, ta kwance, ta sake kamawa. Yadin kuwa siliki ne mai tsada da a kan kawo daga Faransa, in almakashi ya kauce an yi hasarar kuɗi mai yawa. Maɗinka da yawa sun iya allura, kaɗan ne suka iya yanka. Alisabatu gwanar yanka ce. An san aikinta da zama daram a jiki, da kuma rashin tarkacen ado, a zamanin da a ke son cika riga da leshi da kintinkiri. Mata suka riƙa gaya wa juna sunanta.

Da ta ga hannunta yana kawo kuɗi haka, sai ta tambayi Garland nawa zai karɓa ta fanshi kanta da ɗanta. Ya ƙi, ya hana ta sake ta da maganar. Ta sake. Ran nan ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan kuɗin azurfa, rubu'in dala, ya miƙa mata, ya ce in tafiya ta ke so ga kuɗin fito, ta ɗauki yaron su haye kogi. Ƙetaren Misisipi jihar Ilinoi ce, inda ba a bauta, ta kuwa sha hayewa tana komowa. Ta ƙi karɓa. Ta ce bisa ga dokar ƙasa ita baiwarsa ce, bisa ga dokar nan kuma ta ke so ta fita. Ba taurin kai kaɗai ba ne. Tun 1850 aka yi doka mai tsanani ta kama bayin da suka gudu ko'ina cikin ƙasar a maida su. Mai gudu sai ya ɓoye sunansa, ita kuwa sunanta shi ne jarinta. A ƙarshe Garland ya yanka mata dala 1,200, ita da yaron.

Cikin 1852 ta auri wani mutum, James Keckley, wanda ya ce mata shi ɗa ne. Ashe bawa ne, mashayi kuma. Ta zauna da shi shekara 8, ya zama mata kaya a ka, suka rabu. Sunansa kaɗai ta ci gaba da ɗauka.

Tara kuɗin fansa ya gagara, gama abin da ta samu gidan Garland ke cinyewa. Garland ya mutu a 1854. Sai ta yi shawara ta tafi Niyu Yok ta nemi taimako wurin masu ƙin bauta. Matar Garland ta yarda, amma sai an sami dattawa 6 da za su sa hannu, su biya kuɗinta in ba ta komo ba. Biyar suka sa ba gardama. Na shida ya ce zai sa, amma ya sani sarai ba za ta komo ba, mutanen can za su juya mata tunani. Alisabatu ta ce in bai gaskata maganarta ba ba ta son hannunsa a takardar. Ta fasa tafiyar, ta koma ɗaki tana kuka, ga kayanta a ɗaure. Wani zai ce wauta ce, mutum ya ga ƙofa a buɗe ya ƙi fita saboda kalma ɗaya. Mu dai ba mu ce haka ba. Ba ta da gona, ba ta da gida, ko jikinta ba nata ba ne. Abu ɗaya ta mallaka, watau in ta ce i a san i ne.

Tana cikin kukan sai ga wata daga cikin matan da ta ke yi wa ɗinki, uwargida Le Bourgois, ta ji labari. Ta ce abin kunya ne a bar ta ta je baƙuwar ƙasa roƙo alhali ga waɗanda suka san ta. Ta bi matan birnin ɗaya ɗaya har kuɗin ya cika. Cikin Nuwamba 1855 aka rubuta takardar 'yanci ta Alisabatu da ɗanta. Ba ta karɓi kuɗin nan a kan kyauta ba. Ta zauna a Sen Luwis tana ɗinki har ta biya kowa abinsa, sa'an nan ta bar garin a 1860. Ɗanta kuwa ta sa shi a makarantar Wilberforce a jihar Ohayo, wadda aka kafa don ilimin baƙar fata, aka ba ta sunan mutumin Ingila nan da ya yi yaƙi da cinikin bayi.

Ta fara sauka a Baltimore, ta yi mako 6 tana ƙoƙarin koya wa 'yan mata baƙaƙe hanyarta ta awo da yanka. Abin bai karɓu ba. Ta wuce Washinton kusan hannu wofi, ta shiga ɗinkin ƙodago a kan dala biyu da rabi a yini. Har ma doka ta ce baƙin mutum 'yantacce ba zai zauna a birnin ba sai ya sayi takardar izini, ba ta kuwa da kuɗin. Wata mai kawo mata ɗinki ta kai ta wurin magajin garin, ya ba ta kyauta.

Ba a daɗe ba ƙofa ta buɗe. A Oktoba 1860 Yariman Ingila ya kawo ziyara, aka shirya masa liyafa. Matar wani hafsa mai suna Lee ta ba ta ɗinkin rigar da za ta sa. Matan da suka ga rigar suka yi ta tambaya wa ya ɗinka. Daga nan ta shiga gidan Jefferson Davis, ɗan majalisar dattawa daga jihar Misisipi, tana yi wa matarsa da 'ya'yansa ɗinki. A lokacin ƙasar tana gab da tsagewa biyu a kan maganar bauta, tana zaune da allurarta tana jin manyan Kudu suna shiga suna fita da dare. Matar Davis ta ce ta bi su Kudu, za ta lura da ita. Alisabatu ta yi tunani, ta ce a'a. Davis nan shi ya zama shugaban jihohin Kudu da suka ɓalle. Dubi abin mamaki, hannu ɗaya ya ɗinka wa matan shugabannin ɓangarorin nan biyu riguna.

Ga yadda ta shiga fadar shugaban ƙasa, wadda a ke kira Farin Gida. Wata uwargida McLean ta zo mata da aikin gaggawa, ta yi alkawari in ta gama a kan lokaci za ta kai sunanta gaban matar sabon shugaba. Alisabatu ta ɗauki mataimaka, suka yi ta aiki har suka gama. Ran 4 ga Maris 1861, ranar da aka rantsad da Lincoln, aka gabatad da ita ga Mary Lincoln, kashegari ta je fada ta tarar da waɗansu maɗinka suna jira. Da uwargidan ta ji ta yi wa matar Davis aiki, sai ta zaɓe ta, amma ta ja mata kunne a kan tsada, ta ce su mutanen yamma ne, ba masu kuɗi ba. Cikin watannin da suka biyo ta ɗinka mata riguna 15 ko 16. Matan ministoci da na 'yan majalisa suka bi sahu. Ta kama ɗakuna ta buɗe shago, har ya kai tana da mata 20 suna ɗinki a ƙarƙashinta, ita tana awo da yanka da gwaji. Shekara 6 ke nan da fitarta daga bauta.

Yaƙin basasa ya tashi cikin Afrilu 1861. George ya bar makaranta ya shiga sojan Arewa. A lokacin ba a ɗaukar baƙaƙe soja, amma shi fatarsa fara ce, aka rubuta shi Bature. Ran 10 ga Agusta 1861 aka kashe shi a Wilson's Creek cikin jihar Misuri, a karonsa na fari. Rabin wahalar da ta sha ta tara kuɗin nan dominsa ne. Bayan wata 6, ran 20 ga Fabrairu 1862, Willie ɗan Lincoln mai shekara 11 ya mutu da zazzaɓi. Alisabatu ta yi jiyyarsa, ita ta wanke gawar ta shirya ta. Mary Lincoln ta kusa zaucewa don baƙin ciki. Mace ce mai saurin fushi, ba ta da aminai da yawa a birnin, manyan matan Washinton suna raina ta. Daga ran nan ta jingina ga maɗinkiyarta, uwa ga uwa. Alisabatu ke sa mata riga, ita ke gyara mata gashi, wani lokaci har shugaban ya zauna ta taje masa kai. Yana kiranta Madam Elizabeth.

A shekarar nan bayi dubbai suka gudo daga gonakin Kudu suka cika Washinton, gama an soke bauta a birnin cikin Afrilu 1862. Suna kwana a bukkoki da sansani, ba tufafi, ba abinci, cuta tana kashe su. Wata rana da dare Alisabatu tana wucewa ta ji kiɗa a wani gida, ta tambaya, aka ce biki ne na tara kuɗi don sojan da suka yi rauni. Ta ce a ranta, in Turawa suna yi wa nasu haka, me zai hana baƙaƙe masu abin hannu su yi wa nasu? Ta kai maganar ekklesiya ran Lahadi. Cikin Agusta 1862 aka kafa ƙungiyar taimakon 'yantattun bayi da ma'aikata 40, ita ce shugaba. Mary Lincoln ta ba da dala 200. Frederick Douglass, shahararren mai magana wanda shi ma ya fito daga bauta, ya ba da dala 200. Ta bi uwargidan zuwa Niyu Yok da Boston, ta shiga ekklesiyoyin baƙaƙe tana ba da labari, har masu kai abinci a otel ɗin da suka sauka suka haɗa nasu. Akwatunan tufafi da barguna suka zo, har daga Ingila. Ba mai karanta wannan da ba zai tuna da Dokas ta Yafa ba, sai dai wannan Dokas ta san sanyin da matan nan su ke ji, gama ta kwana cikinsa.

Akwai wani abu da ta sani wanda shugaban bai sani ba. Mary Lincoln tana da ciwon sayen kaya. A 1864 ta gaya wa Alisabatu a asirce cewa kantuna suna binta wajen dala 27,000, alhali albashin mijinta na shekara dala 25,000 ne. Tana tsoro in ya faɗi zaɓe asirin zai tonu. Ya ci zaɓen. Yaƙi ya ƙare, Alisabatu ta bi su zuwa Richmond, hedkwatar 'yan tawaye da ta faɗi, har ta zauna a kan kujerar Jefferson Davis. Bayan 'yan kwanaki, ran 14 ga Afrilu 1865, aka harbe Lincoln a gidan wasa, ya cika da safe. Gwauruwar ta rufe kanta a ɗaki wajen mako 5, ba ta yarda kowa ya zauna da ita ba sai 'ya'yanta da Alisabatu. Da za ta bar fada ta raba kayan mijinta. Ta ba Alisabatu matajinsa, da mayafin da ita kanta ta yafa a daren nan, da jinin shugaban a jiki. Alisabatu ta raka ta Shikago, sa'an nan ta komo ta sake buɗe shagonta.

A 1866 ta yi abin da ya ba abokanta mamaki. Ta tafi Birjiniya ta yi makonni a wurin matar Garland da 'ya'yanta, waɗanda yaƙi ya talauta. Suka karɓe ta da murna da hawaye. Waɗansu suka ce yaya za ta koma wurin waɗanda suka ci guminta. Ba ta taɓa cewa bauta daidai ce ba, ta kuwa rubuta muguntarta filla filla. Amma ita ta yi renon 'ya'yan nan, jininsu ɗaya kuma, ta je musu da ƙafarta, da kuɗin jirginta, ran da ta ga dama ta tafi.

Abin da ya rushe ta daga wajen aminiyarta ya fito. Cikin Satumba 1867 Mary Lincoln ta aiko mata ta same ta a Niyu Yok, tana so ta sayad da rigunanta da kayan adonta a ɓoye don ta rage bashi. Alisabatu ta bar shagonta ta tafi. A otel ɗin da suka sauka aka ƙi ba ta ɗaki sai a can ƙololuwar bene, aka kuma kore ta daga ɗakin cin abinci saboda fatarta, ta kwana da yunwa. Suka faɗa hannun waɗansu dillalai biyu, Brady da Keyes. Waɗannan suka baje rigunan a kantinsu, suka buga wasiƙun gwauruwar a jarida don su kunyata manyan gwamnati su ba da kuɗi. Abin ya juye. Jama'a suka yi ta zuwa kallo suna dariya, jaridu suka yi mata ca, kaya kaɗan aka saya, a ƙarshe ma sai da ta biya dillalan wajen dala 800. Ita ta koma Shikago, ta bar Alisabatu wata da watanni a Niyu Yok tana fama da dillalai, tana ɗinki a wani ɗan ɗaki don ta ci abinci, cinikinta na Washinton yana lalacewa.

A ɗakin nan ta rubuta littafinta, aka buga shi a 1868. Sunansa Behind the Scenes, watau abin da ke bayan labule, labarin shekara 30 cikin bauta da shekara 4 a Farin Gida. Yawancin abin da muka faɗa a sama daga cikinsa duniya ta san shi. Nufinta ta wanke Mary Lincoln, ta nuna halin da ya kai ta ga sayad da kaya, ta wanke sunanta ita ma, gama an fara zarginta. Amma a ƙarshen littafin aka buga wasiƙun da gwauruwar ta rubuta mata, da maganar bashi da ta iyali a ciki. Alisabatu ta ce ta ba mai taimakonta wasiƙun don ya duba ne, ba don a buga su haka ba.

A nan sai mu faɗi abu biyu, kowanne gaskiya ne. Maɗinkiya tana shiga inda baƙo ba ya shiga, tana ganin mace ba ado, tana jin abin da a ke faɗa sa'ad da aka manta tana ɗakin. Wannan amana ce, wasiƙun nan kuwa ba nata ba ne ita kaɗai. Ko da kyakkyawar niyya, ta yi sakaci da ta bar su suka fita daga hannunta. Amma hasalar da ta tashi ta fi ƙarfin laifin. Turawa da yawa sun rubuta abin da suka gani a gidan Lincoln, ba wanda ya kore su daga gari. Abin da ya ƙona ran mutane shi ne baƙar mace, tsohuwar baiwa, tana da ido da hankali, tana auna manya tana faɗin ra'ayinta a kansu. Jaridu suka kira ta maciyar amana. Wani ya buga ɗan littafin ba'a yana kwaikwayon nata da zagin launin fata. Robert, babban ɗan Lincoln, ya husata ƙwarai, littafin ya ɓace daga kasuwa, ba ta sami riba ba. Mary Lincoln ta yanke hulɗa da ita, har ta mutu a 1882 ba su koma kamar da ba. Da yawa cikin manyan matan da ke kawo mata ɗinki suka janye.

Ta rayu kusan shekara 40 bayan wannan. Ta ci gaba da ɗinki a Washinton, tana koya wa 'yan mata baƙaƙe awo da yanka, da yawa suka ci abinci da abin da ta koya musu. Tana cikin Ekklesiyar Firesbiteriyan ta Titi na 15, watau ta zauna cikin ɗarikar paston da ya doke ta, amma a ƙarƙashin Pasto Francis Grimké, wanda shi ma baiwa ce ta haife shi, ubansa kuwa mai bayi. A 1890 rashi ya sa ta sayad da kayan Lincoln da ta adana shekara 25, a kan dala 250. A 1892, tana da shekara 74, makarantar Wilberforce inda ɗanta ya yi karatu ta kira ta ta shugabanci sashen ɗinki da aikin gida. A shekara ta biye ta shirya nunin tufafi na makarantar a babban bajekolin duniya da aka yi a Shikago. Ba ta daɗe ba ciwon shanyewar jiki ya taɓa ta, ta ajiye aikin.

Ta ƙare kwanakinta a wani gida na Washinton da aka kafa a lokacin yaƙi don matalautan mata da yara baƙaƙe, irin mutanen da ta yi wa bara a ekklesiyoyi. Abin da ke shigo mata shi ne fanshon ɗanta da ya mutu a yaƙi, dala 12 a wata. Waɗanda suka ziyarce ta sun ce ba ta fasa tsabta da kyakkyawar shiga ba, hoton Mary Lincoln kuma yana ɗakinta. Ta rasu ran 26 ga Mayu 1907, tana da shekara 89.

Aka binne ta a maƙabartar Harmony. A 1960 aka sayad da filin, aka kwashe ƙasusuwan mutanen da ke ciki zuwa wata sabuwar maƙabarta a Landover cikin jihar Maryland, ba a kai duwatsun kaburbura ba. Ta yi shekara 50 a can ba alama. Littafin da ya jawo mata zagi kuwa aka sake buga shi, masu rubuta tarihin Lincoln suka dogara gare shi don sanin zaman iyalin a cikin gida. A 2010 waɗansu ƙungiyoyi suka haɗa kuɗi, suka nemo inda ta ke kwance, suka kafa dutse da sunanta.